Awon Jinin Alade Tun Ciwo Bai Ci Garke Ba

'Yan'uwana ɗalibai da malamai, na san akwai waɗanda da ganin sunan alade za su juya shafi. Ku ɗan dakata. Da yawa cikin yaran da za mu je mu koyar a kudancin Kaduna, da Filato, da Binuwai, da kuɗin alade iyayensu ke saya musu littattafai. Wanda ba ya cin naman ma yana da maƙwabci mai kiwonsa.

Akwai wata muguwar cuta da a ke kira zazzaɓin aladu na Afirka. A ƙasar Kenya aka fara ba da labarinta a 1921, ta kuma ɓarke a Nijeriya a 1997. Ba ta kama mutum, amma in ta shiga garke takan kusa share shi ƙaƙaf, ba ta kuwa da magani. A 2020 ta faɗa wa babbar gonar Oke Aro, kan iyakar Ikko da Ogun, aka yi hasarar aladu dubbai.

To, ta yaya za a gane ta da wuri? Da ido ba ya yiwuwa, gama zazzaɓi da ƙin cin abinci da jan fata duk akan gan su a waɗansu cututtukan. Tsohon awo kuwa yana neman garkuwar da jiki ya yi ne a cikin jini, wadda ba ta bayyana sai bayan mako guda ko fiye. Kafin nan sau da yawa alade ya mutu.

Sabon awon, watau PCR, wanda Kary Mullis na Amurka ya ƙago a 1983, ƙwayar cutar kanta ya ke farauta. Akan ɗebi jini ko ɗan yankin saifa, na'ura ta kama guntun ƙwayar halittar cutar ta yi ta ninka shi, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. Ninki 30 ya haura miliyan dubu. Masu shakka su gwada a allo! Da haka abin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai ya kan fito fili cikin sa'o'i kaɗan. Ana yin wannan awo a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom. Sai dai kaifinsa na bukatar tsabta, don ɗigon jinin wani alade in ya gauraya da na lafiyayye, sai a ɗora wa lafiyayyen ciwo.

Ra'ayina shi ne, na'ura ba ta auna jinin da ba a kai mata ba. Mai kiwo da ya ga aladensa biyu sun kwanta, ya san in ya kai rahoto za a iya kashe sauran, sai ya yi maza ya sayar da su da araha. Daga nan mota ta kwashe su zuwa kasuwa irin ta Kafanchan, cuta ta sami hanya. Ban ga laifinsa sosai ba. Lalle ne hukuma ta riƙa biyan diyya mai ma'ana, da sauri kuma, sa'an nan ta tanadi ƙanƙara da mota don jinin ya isa Vom bai lalace ba.

Mu kuwa malamai, a ƙauye mu ne za a kawo wa takardar sakamako mu karanta. Ya kamata kowannenmu ya san inda likitan dabbobi na yankinsa ya ke tun kafin ya kama aiki.