A San Sunan Ciwon Ido Kafin A Ɗiga Magani

'Yan'uwa manoma, yau maganarmu ba a kan taki ko irin shuka take ba. A kan ido take, gama manomin da ba ya gani da kyau, ko an ba shi taki buhu goma banza ne. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana kuwa, a cikin gidanmu ya faru, a nan Dandin Mahe.

Muna da wani baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda shekarunsa sun ɗan haura hamsin. Damina uku da suka wuce ya fara abin da ba mu saba gani gare shi ba. Lokacin noman fari sai ya sare gero tare da ciyawa. Yana tafiya sai ya yi tuntuɓe da kunya. Wata rana jaki ya zo ta gefensa ɗauke da kaya, bai gan shi ba sai da suka yi karo. In muka tambaye shi, sai ya ce, “Ba kome, yara, hazo-hazo ne kawai.” Muka duba idon, ga shi fari tas, ba ja, ba kwantsa, ba zafi. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce an yi masa sammu a kan gonar fadama.

Babu abin da ba mu gwada ba. An sa kwalli, an yi turare, an sayo tabarau a kasuwa. Wani mai kantin magani ya ba mu kwalbar ɗigawa, da ta ƙare muka sake saye har sau huɗu. Muka kai shi wani ɗakin shan magani, aka haska idon da tocila, aka rubuta mana wata kwalbar. A cikin dukan waɗannan mutane ba wanda ya faɗa mana sunan ciwon, mu ma ba mu tambaya ba. Nan ne laifinmu yake. Mu da muke koya wa mutane kada su yi feshi sai sun san ko wace tsutsa ce ke cin wake, ga shi mun shekara biyu muna zuba magani cikin idon baffanmu a kan kirdado.

Sai bara da kaka muka sayar da buhun gero, muka bi ta Boɗinga zuwa Sakkwato, muka nemi sashen ido na wani babban asibiti. Can aka sa shi ya karanta allo da ido ɗaya ɗaya, aka auna ƙarfin ruwan da ke cikin idon, aka leƙa har can bayansa inda jijiyar gani take. Likita ya ce, “Baba, ciwonka sunansa gilakoma. Idon hagu ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na dama kuwa akwai sauran gani, shi za mu tsare.” Baffa ya yi shiru, can ya ce, “Ashe da mun zo tun fari?” Likitan ya ce da an zo tun fari, da wataƙila duka biyu suna nan.

Wannan ciwo shi ne mutane ke kira hawan jinin ido, ko da yake ba ɗaya suke da hawan jinin jiki ba. A cikin ido akwai wani ruwa da kullum yake samuwa, kullum kuma yake tsiyayewa ta wata 'yar kafa. In kafar ta toshe, sai ruwan ya taru kamar gonar da aka toshe wa magudana, ya matse jijiyar gani har ta mutu kaɗan kaɗan. A ma'aunin likitoci, ƙarfin ruwan mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Ganin gefe shi ke fara tafiya, na tsakiya ya saura, shi ya sa Baffa yake gane fuskar mutum amma bai ga jaki ba. Yawanci ba ya zafi. Yana bin jini, ya kuma fi kama baƙar fata da wuri. Abin da ya ci ya ciwu, sai dai a tsare saura da maganin ɗigawa na kullum, ko da aiki.

Kada wani ya ce ai wannan a gidan su malam kaɗai ya faru. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a duk faɗin Nijeriya. Aka tarar cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, wajen 1,130,000 makafi ne. Cikin kowane makafi 100, yana ce ta makantar da 43, gilakoma kuma wajen 17. Cikin ɗarin nan, 84 makantarsu irin wadda ake iya hanawa ce ko a warkar. Binciken ya kuma nuna mutum ɗaya cikin 20 na masu waɗannan shekaru yana da gilakoma, amma cikin 100 masu ciwon, waɗanda suka san suna da shi ba su kai 6 ba. Ku duba taronku na ƙungiya. In dattawa arba'in ne ke zaune, to, mai yiwuwa biyu daga cikinsu suna ɗauke da shi ba su sani ba.

Ga dalilin da ya sa muka nace a kan suna. Kowa “hazo-hazo” yake cewa, amma cututtukan daban daban ne. Yana ita ce farin da ke rufe tsakiyar ido, ana cire ta a asibiti a sa wani ɗan gilashi a ciki, mutum ya koma gonarsa. Amosanin ido ƙudaje da hannu mai dauɗa ke yaɗa shi, in ya daɗe sai gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar, maganinsa wanke fuska da tsabta da magani da ɗan ƙaramin aiki. Dundumi na yara da masu ciki abinci ne maganinsa, wato zogale da manja da hanta da mangwaro. Ciwon suga ma yana cin ido ta baya. To, maganin wannan ba ya yi wa wancan. Har ma akwai wanda ke ɓarna. Kwalaben da ke sa jan ido ya washe nan da nan, irin masu ɗauke da dexamethasone ko betamethasone, in aka daɗe ana ɗigawa suna ƙara ƙarfin ruwan ido, su jawo gilakoma ko yana. Da muka nuna wa likita kwalaben Baffa, ɗaya daga cikinsu irin wannan ce.

Haka kuma masu cire yana da ke yawo ƙauye ƙauye. Ba cirewa suke yi ba, tura yanar suke yi da tsinke ta faɗa cikin ido. Mutum ya ga haske kwana kaɗan ya yi murna, su kuwa sun karɓi kuɗi sun wuce gaba. Binciken nan ya tarar cikin idanun da aka taɓa saboda yana, fiye da 40 cikin 100 irin wannan aiki aka yi musu, yawancinsu kuma ba su tsira daga makanta ba. Ɗaya daga cikinsu ya so ya taɓa idon Baffa, wanda ko yana ba shi da ita.

Mun san abin da za ku ce, gama mu ma mun faɗa. Kuɗin mota ya yi tsada, ga layi a asibiti, ga gona ba mai tsaro. Gaskiya ne. Mu ma sai da muka je sau uku kafin a gama awo, maganin kuma kowane wata sai an saya. Amma mu yi lissafi irin na manoma. Kuɗin kwalabe huɗu da tabarau da turare, in aka haɗa, sun kusa kai mu Sakkwato mu dawo. Sa'an nan in magidanci ya makance, ba shi kaɗai ya bar aiki ba. Sai an cire yaro daga makaranta ya zama ɗan jagora, matarsa ta ɗauki nauyin gida, gona ta koma saura. Rigakafi ya fi magani, tafiya uku kuma ta fi zaman shekara ashirin cikin zaure.

Saboda haka muna kawo wa ƙungiyoyinmu shawara huɗu.

Ta fari, mu kafa doka a gidajenmu: ciwon ido da ya wuce mako biyu, ko ganin da ke raguwa ko da ba zafi, a kai shi wurin masu aikin ido. Ciwon Apolo, wanda ya fara ɓulla a Gana a 1969, yakan wuce da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya zarce haka, kada a ce Apolo ne. In kuwa kara ko ƙaiƙayi ya soki ido wajen girbi ko sussuka, ko farin ɗigo ya fito a kan baƙin ido, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ko aka ga tsakiyar idon jariri ya yi fari, wannan ba a kwana da shi. Kada kuma a zuba fitsari ko ruwan albasa ko ruwan ganye.

Ta biyu, kowace ƙungiya ta ware asusun ido. In kowane ɗan ƙungiya ya ba da tiya ɗaya ta gero da kaka, an sami kuɗin motar mara lafiya da mai rakiyarsa. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki, haka za mu haɗa mu tsare idon mai zuba takin.

Ta uku, kada a bar dattijo ya tafi shi kaɗai. A haɗa shi da wanda ya iya karatu, a tafi da dukan kwalaben da aka taɓa ɗigawa. Can kuma a yi tambaya uku cikin ladabi: Likita, mene ne sunan ciwon? An auna ƙarfin ruwan idon? Yaushe za mu komo? A roƙa a rubuta sunan a kan kati, a adana katin kamar takardar gona. A Sakkwato akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kuma Asibitin Ƙwararru. In an tura ku gaba, akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Ta huɗu, duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna idonsa ko ba ya jin kome, balle wanda aka sami gilakoma a danginsa. Bayan an kai amfani rumbu, kafin aikin rani ya kankama, a ɗauki mota ɗaya a tafi tare. Mu kanmu da 'ya'yan Baffa duk mun je an auna mu, gama likita ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Baffa yana nan, safe da dare yana ɗiga maganinsa, jikarsa ce ke tuna masa. Bana ya nome gonarsa ta tudu da ido ɗaya, yana juya kai hagu da dama kafin ya sa fartanya. In an yi taron ƙungiya na wannan wata, muna roƙon shugabanni su karanta wannan takarda, su tambayi kowa ko akwai mai hazo-hazo a gidansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mana idanunmu. Amin.