Tsinkakken Koko Ba Ya Gina Yaro

Duk malamin da ya taɓa karɓar 'yan aji ɗaya a Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ya san abin da za mu faɗa. Uba yakan kawo yaro ya ce shekararsa 7, malam ya dube shi ya ga tsayin ɗan shekara 5. Uban kuwa gaskiya ya faɗa. Yaron ne ya tsumbure tun yana goye. Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya nuna cewa a Nijeriya duka yara 37 cikin 100 na ƙasa da shekara 5 ba su kai tsayin da ya kamaci shekarunsu ba, a Jihar Jigawa kuwa abin ya haura 60 cikin 100. Wannan magana ba ta wasa ba ce, gama likitoci sun tabbatar da cewa tsayi da ƙwaƙwalwa da yaro ya rasa kafin ya cika shekara 2 da wuya ya mai da su duka daga baya.

To, ina gizo ke saƙa? Mu dai a ganinmu babban rabon laifin yana cikin ƙoƙon da ake ba jinjiri ran da aka ce ya isa cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara tun 2001 cewa jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo. Daga nan a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara 2, watau daidai da wa'adin shayarwa da Alƙur'ani ya ambata. Dalili shi ne, in yaro ya kai wata 6 jikinsa ya yi girman da nono kaɗai ba ya isarsa, sinadarin ƙarin jini da aka haife shi da shi kuma ya kusa ƙarewa. A daidai wannan gaɓa mai haɗari ne mu kuma muke miƙa masa koko.

Kowa ya san yadda ake yin gasara. A jiƙa gero, a niƙa, a tace, a zubar da dusa ga awaki, sa'an nan a dama abin da ya kwanta da ruwa mai yawa don ya wuce maƙogwaron yaro da sauƙi. Cikin jinjiri ɗan wata 8 kuwa bai wuce kofin shayi guda ba. In an cika shi da tsinkakken koko, ai ruwa aka cika shi da shi. Yaro ya yi shiru, ya yi barci, uwa ta ce ya ƙoshi, alhali jikinsa bai sami abin gini ba. Haka za a yi ta yi wata da watanni, har gashi ya yi ja ya yi laushi, ƙafa ta kumbura, a ce mayu ne ko iska.

Wannan ciwo ba sabo ba ne ga likitoci. Wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a asibitin yara na Ankara ta ƙasar Gana zamanin mulkin Ingilishi, ta bayyana shi a 1933, ta kuma nuna cewa yana kama yaran da aka ɗora a kan kokon masara kaɗai. A 1935 ta raɗa masa sunan da mutanen wurin ke kiransa da shi, kwashiyoko, watau ciwon yaron da aka yi wa ƙane. Mu nan tamowa muke cewa. An yi fiye da shekara 90 da sanin dalilinta, amma har yau tana cin 'ya'yanmu.

Abin da ya fi ciwo shi ne maganin yana zube a kasuwanninmu. Wanda ya shiga kasuwar Shuwarin ko ta Sara zai ga gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da busasshen kifi. Da waɗannan ake haɗa garin nan da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Awon da aka fi koyarwa shi ne gwangwani 6 na hatsi, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne dabam har ya yi ƙamshi, a murje ɓawon waken da na gyaɗar, a kai inji, a tankaɗe, a zuba cikin mazubi mai murfi. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a zubar da ita, gama tana ɗauke da dafi mai lahanta hanta. In za a dama, a dafa shi sosai, ya yi kaurin da in an karkata cokali ba zai zube nan da nan ba. A sa ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja. Yau a ƙara garin kifi, gobe dafaffen ƙwai, jibi hanta da aka dafa aka murƙushe, ko kabewa, ko garin zogale. In ana son zaƙi, ga dabinon Dutse, a jiƙa a cire ƙwallo a dama. Zuma dai kada a ba yaro sai ya cika shekara.

Awon ci ma sananne ne. Ɗan wata 6 a fara masa da cokali 2 ko 3, sau 2 a yini, ana ƙarawa sannu-sannu har ya kai rabin kofi sau 3. Daga wata 9 ya ci sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar ayaba ko gwanda. A wanke hannu da sabulu, a ba shi da cokali cikin ƙoƙonsa na kansa don a san abin da ya ci, kada kuma a ba shi kunun da ya wuni a buɗe. Ɗura kuwa, wadda ake toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu, lalle a bar ta, don kunun yakan bi hanyar numfashi ya sauka huhu.

Mun san wani zai ce, ai mu ma da koko aka yaye mu, ga mu kuwa mun girma. Gaskiya ne, amma ya je ya tambayi tsohuwarsa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa kuma suka rayu. Wani zai ce ƙwai yana sa yaro sata. Ba mu taɓa jin alƙalin da ya sami ƙwai da laifi ba. Wani kuma zai ce tsada, wannan kam magana ce mai nauyi, ba kuwa za mu rena ta ba. Akwai gidajen da rumbu ke ƙarewa kafin kaka, waɗannan hakkinsu yana wuyan hukuma da masu hali. Amma mai albashi ya yi wa kansa lissafi, ya gwada kuɗin ƙwai ɗaya da abin da yake kashewa a yini wajen goro da shayi da katin waya.

Da ku muke, malaman makaranta, da akawunan ƙananan hukumomi da na masarauta, magadan ma'aikatan En'e na da. Kuɗin cefane a hannunku yake, idon ƙauye kuma a kan gidajenku yake. Da yawa cikinmu mun ɗauka cewa abincin gwangwani shi ne alamar wayewa. Sai mutum ya sayi guda ran albashi, uwargida ta yi ta tsinka shi don ya kai ƙarshen wata, ya koma kokon da aka guda, ga kuma asarar kuɗi. In maƙwabta suka ga matar malam tana soya gero da wake, suka ga ɗanta ya yi ɓulɓul, ba sai an yi musu lacca ba, gani ya kori ji.

Saboda haka muna roƙon kowane maigida da ke da goyo a gidansa, in ya koma yau da yamma, ya nemi a nuna masa ƙoƙon yaron, ya sa cokali ya karkata ya ga ko zai zube. In ya zube, to, ran kasuwa mai zuwa ya san abin da zai auno. Ya kuma zauna da uwargida da kakar yaron su fahimci juna cikin ladabi, gama ba a gyara abincin jinjiri a bayan idon kaka. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke hakkinsu, amin.