Faifan asali ko sabon bugu?

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin dattawan unguwar Lazaret da har yanzu suke riƙe da turne-disk ɗinsu: wai faifan asali ya fi sabon bugu daɗin sauti. Tun da Turawa suka koma sayen faifai, ƴan kasuwa ma sun tsoma baki, don kalmar "asali" kuɗi take ƙarawa.

Masu wannan magana suna da hujja. Daga bandin studiyo ake yanka faifai na farko, daga shi a zuba hatimin ƙarfe mai buga sauran. A bugun farko bandin sabo ne fil. In aka tashi sake bugu bayan shekara 40, sau da yawa ya lalace ko ya ɓata, sai a ɗauko daga kofe. Kowane kofe kuwa yana ƙara shuuu, yana rage kaifin murya. Nauyin giram 180 da ake rubutawa a bangon sabbin faifai ba ya maido da abin da ya zube.

Sai dai a ƙasarmu asalin ma abin tuhuma ne. Faifan da ya sha bazara 40 a Yamai, ya sha ƙurar hunturu, dakusasshiyar allura ta yi ta nome shi, suna kaɗai ya rage masa.

Ku dubi Malam Mamman Sani. A 1978 ya ɗauki "La Musique Électronique du Niger" a gidan rediyon ƙasa, da organ ɗinsa Orla ƙirar Italiya. A kaset aka fitar da aikin, kofe wajen 100 kacal. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi a faifai, bayan Christopher Kirkley ya tsinci kaset ɗin a gidan tarihi na Boubou Hama. Ashe a nan sabon bugu shi ne faifan farko. Duk wanda ya miƙo maka "asalin 1978" a faifai, riƙe jikkunanka.

Mai saye ya tambaya daga me aka yanko faifan, bandi ko kofe, ya kuma saurari waƙar ƙarshe ta kowane gefe, don kusa da tsakiya ne sauti ya fi karyewa. Ku kuwa ma'aikatan da ajiyar bandunan Voix du Sahel take hannunku, ɗaki mai sanyi marar ƙura suke buƙata, a kuma kwafe su a kwamfuta tun zarensu bai fara manne wa juna ba.