Tubali Ko Bulo: Da Wane Mudu Muke Auna Gini?

Zan faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya shafi kowane gida a ƙasarmu ta Babura, watau sha'anin gini. Duk wanda ya bi hanya daga Kazaure zuwa Babura a 'yan shekarun nan zai ga yadda garuruwa suke sake kama. Da mutum ya sami ɗan hali, ko ya sayar da riɗi, ko ɗansa ya aiko daga Ikko, abin da zai fara yi shi ne ya rushe soron ubansa ya sa bulo da kwano. Har ta kai in an ce gidan wane na ƙasa ne, sai ka ce zaginsa aka yi. Ni kuwa a ganina mudun da muke auna gini da shi bai cika ba. Kyan ido kaɗai muke dubawa, alhali kuwa akwai tambayoyi uku da suka kamata mai gini ya yi kafin a haƙa harsashi.

Tambaya ta farko ita ce, me aka ƙona kafin kayan ginin su iso gare mu? Siminti ba haƙo shi ake yi a zuba a buhu ba. Dutsen farar ƙasa ake fasawa, a niƙa shi da yumɓu, kana a gasa su cikin wata doguwar tanderu har zafi ya kai digiri 1,450. A wurin gashin nan iskar kabon tana fita ta hanya biyu: daga kwal ko gas ɗin da aka ƙona, da kuma daga jikin dutsen kansa. Buhun siminti ɗaya mai kilo 50 yakan bar wajen kilo 30 na wannan iska a sararin sama. Masana sun ƙiyasta cewa siminti kaɗai ne ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam yake saki a duniya. Bugu da ƙari, ba mu da kamfanin siminti a Jigawa. Daga Obajana ta jihar Kogi, ko Kalambaina ta Sakkwato, ko Ashaka ta Gombe tireloli suke ɗauko shi, suna shan mai ɗaruruwan kilomita. Tubali kuwa ƙasa ce da ruwa da ciyawa, rana ce take busar da shi, amalanke ke kai shi bakin gini.

Iskar nan ta kabon ita ce take taruwa a sama tana riƙe zafin rana, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Iyayenmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sun san abin da rikicewar damina take yi wa manomin gero. Mu da muke bakin iyakar Nijar, inda hamada take matsowa, mu ne a gaba wajen shan wuya in duniya ta ƙara ɗumi. Saboda haka ne Nijeriya ta yi alkawari a taron birnin Gilasgo na 2021 cewa nan da 2060 za ta daidaita iskar da take fitarwa da wadda ake zuƙewa.

Tambaya ta biyu ita ce, yaya zama cikin ginin zai kasance? Nan ba sai an kira masani ba. Kowa ya san ɗakin bulo mai kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Da rana ba ya shiguwa, da dare sai an fito tsakar gida da tabarma. Mai hali ya sayi fanka da janareta, ya dinga ƙona fetur, ga kuɗi suna fita ga hayaƙi yana tashi. Bangon ƙasa mai kauri kuwa yakan sha zafin rana a hankali, ba ya barinsa ya ratsa ciki sai bayan sa'o'i, saboda haka soro yake da sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu. Kakanninmu ba su karanta kimiyya ba, amma sun yi gini daidai da ƙasarsu.

Tambaya ta uku ita ce, shekara nawa zai yi, wa kuma zai iya gyara shi? A nan ne masu son bulo suke da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun rusa gidaje masu yawa a jihar Jigawa, akasarinsu na ƙasa, har da asarar rayuka. Uban da bango ya faɗa wa 'ya'yansa ba ya bukatar kowa ya karanta masa lissafin hayaƙi. Har ila yau azara ta yi wuya, domin an sassare giginya ba a shuka wata ba, ga yaɓe da ake sha duk shekara, ga kududdufin da ake bari bayan ɗibar ƙasa ya zama gidan sauro.

To, amma mu duba da kyau. Ruwa yakan ci ginin ƙasa ta wuri biyu, ta gindi da ta ka. Gidajen da suke faɗuwa galibi waɗanda aka ɗora a ƙasa ne ba harsashin kirki, ko aka yi su a hanyar ruwa, ko aka bar indararo ya toshe. Inda aka yi aikin da gaske, ginin ƙasa yakan binne jikokin mai shi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu wajen shekarun 1830, bakan gizonsa na ƙasa suna nan har yau. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, tun gyaran 1844 take tsaye. Kada mu manta kuma, shi kansa bulon da ake buga wa rairayi da yawa siminti kaɗan, don a fitar da riba, yakan marmashe tun kafin a gama biyan bashinsa.

Ashe ke nan ba sai mun zaɓi tsakanin tsohon soro da bulo zalla ba. Akwai hanya ta uku, kuma maƙwabtanmu sun bi ta. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa irinmu, an kammala sabon masallaci a 2018 da tubalin ƙasa wanda inji ya matse, tsohon masallacin kuma aka mai da shi ɗakin karatu. Cikin waɗanda suka zana shi har da Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar. A Burkina Faso, Francis Kere ya gina wa ƙauyensu na Gando makarantar firamare da irin wannan tubali a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama don iska ta dinga ratsawa. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gine-gine, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya karɓe ta. Irin wannan tubali ba a gasa shi, ɗan siminti kaɗan ake gauraya masa don ya jure ruwa. A yi harsashi da dutse, wanda Allah ya hore wa Kazaure da Roni, a ɗaga daɓe sama da hanyar ruwa, a fito da bakin rufi ya kare bango. Siminti ya tsaya inda ba makawa sai shi.

Wani zai ce, hayaƙin Babura nawa yake in an gwada da na ƙasar Sin, wadda take yin wajen rabin simintin duniya? Gaskiya ne, namu bai taka kara ya karya ba. Amma jama'ar Nijeriya kullum ƙaruwa suke yi, gidajen da mu ɗalibai za mu gina kuwa ba a ko haƙa harsashinsu ba tukuna. Gyara kafin a fara ya fi sauƙi. Ko da ma an ajiye zancen duniya gefe, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Kuɗin da aka kashe a kan tubali kuwa a gari suke tsayawa, a hannun magini da mai amalanke da mai kwaɓa.

Saboda haka ina roƙon ƙaramar hukumarmu, in za ta gina aji ko ɗakin shan magani, ta gwada ko da guda ɗaya da matsattsen tubali, a sa ma'aunin zafi a cikinsa da cikin na bulo, jama'a su gani da idonsu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure tana kusa, a nemi malamanta su auna ƙasarmu, tun da yake rairayi ya yi mana yawa, ba kowace ƙasa ce take ginuwa ba. A haɗa su da tsofaffin maginanmu, waɗanda suka san inda jar ƙasa take da yadda ake haɗa makuba, tun suna raye.

Ku kuma iyayenmu, kafin a rushe soro a tambayi magini ko gyara zai yi. Mu 'yan makaranta, kowannenmu ya shuka giginya ko ɗorawa a gonar gidansu da daminar bana, kuma mu daina yi wa abokinmu dariya don gidansu na ƙasa ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya, amin.