Malaman Zane a Potiskum: Mun San Aikinsu, Su Ne Ba Mu Sani Ba



Duk wanda ya tsaya bakin titin Kano zuwa Maiduguri a cikin garin nan na minti goma, sai ya ga tirela ta wuce da fure a ƙeyarta, ko dagi, ko zaki, ko an rangaɗa mata "Haƙuri maganin zaman duniya". Motocin nan su ne ke kwasar shanu daga kasuwarmu zuwa Legas da Fatakwal, kuma duk inda suka bi da adon Potiskum suke tafe. Idan aka tambaye mu mai motar, mun san shi har kakansa, direban ma mun san shi. Wanda ya yi zanen kuwa, da wanda ya koya masa, sai a ji mun yi tsit. Maganarsu muke son yi yau, domin sana'ar tana neman kuɓuce mana muna kallo.

Masu koyar da zane a garin nan ba ta hanya ɗaya suka ɓullo ba. Akwai waɗanda suka taso a tsangaya. Alƙalamin kara suka fara riƙewa, suka koyi haɗa tawada da ƙaro, hannunsu ya faɗa a rubutu. Daga nan malam ya lura da wanda layinsa ba ya karkacewa, ya fara ba shi zayyanar allon masu sauka. Mai zayyana ya san awo, ya san yadda ake raba allo gida-gida, ya san inda ja zai zauna da inda kore zai shiga, alhali ba wanda ya taɓa karanta masa wannan a littafi.

Akwai kuma 'yan gareji. Yaro zai shekara yana wanke buroshi da kananzir, yana goge bodin mota, yana riƙe wa ubangidansa tsani, kafin a yarda ya ja layi ɗaya. Sai ya iya haruffa sannan a ba shi ganye, sai ya iya ganye sannan a ba shi fure. Irin waɗannan su ne suka rubuta allunan shagunanmu da na makarantu da asibitoci, kuma yawancinsu ba a rasa yara biyu ko uku a gindinsu.

Na uku su ne waɗanda suka karanci zane a kwalejin ilimi ko jami'a, wasu a Zariya, wasu a Maiduguri, suka dawo suna koyarwa a firamare da sakandare. Da yawansu sai da suka sha faɗa a gida kafin a bar su, domin iyaye likita ko injiniya suke so.

Idan ka zauna da su, labarin kusan ɗaya ne. Da safe aji ko gareji, da yamma shago. Lokacin siyasa a ɗan samu aiki, lokacin saukar karatu a samu allo, sauran watanni sai lallaɓawa. Abin da mutum ke son zanawa don ransa, kamar kasuwar shanu da sassafe, ko hawan sallah, ko tsohon gidan da ya taso a ciki, sai dare ya yi, a kan kwali, da ragowar fentin aikin wani. Wasu na da irin waɗannan zane-zane tuli a ƙarƙashin gado, ba wanda ya taɓa gani sai iyalinsu.

Yanzu kuma ga injin buga fileks ya shigo. Allon da mai zane zai kwana uku a kansa, yaro mai kwamfuta zai fitar da shi kafin la'asar, kuma da araha. Ba mu ƙi ci gaba ba, 'ya'yanmu ne ke cin abinci a wannan sana'ar ma. Amma kowa shaida ne cewa rana da iskar hunturu ba sa barin fileks ya daɗe, sai ya koɗe ya yage, alhali akwai allunan fenti a garin nan da suka girmi masu shagon da ke zaune ƙarƙashinsu. Kuma yaron da ya fara koyon zane da hannu, idan ya hau kwamfuta aikinsa daban yake fita, don ya san launi, ya san tazarar harafi.

A makarantu ma haka abin yake. Darasin al'adu da fasahar ƙirƙira yana cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, amma sau nawa ake sayo fenti da takarda? Sai a ga malamin zane yana kwafe bayani a allo da alli, yara na haddacewa. Idan aka rasa malamin wani darasi, shi ake turawa. Idan za a yi baƙi, shi zai zana tambarin makaranta a bango, ladansa "Allah ya yi albarka".

Mun san abin da ke zukatan wasu iyaye, kuma ba za mu raina shi ba: batun zana abu mai rai. Wannan fage ne na malamai, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da muke tunatarwa shi ne zane ya fi hoton mutum faɗi. Zayyanar allo zane ce. Aikin wuyan babbar riga da hula, sai an zana kafin allura ta bi. Adon bangon soro, lallen amarya, taswirar gini, duk daga hannun mai zane suke farawa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau masu nazarin gine-gine na zuwa kallon aikinsa. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ke jikin takardar Naira 20, a hannun 'yan uwanta mata ta koyi sana'a, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. A 1958 ma, ɗaliban zane a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya a kan cewa abin da Turawa ke koya musu sai an haɗa shi da fasahar gida. Mu a nan fasahar gidan tana hannunmu, masu ita ne muka bari a rana.

To me za mu iya yi? Abu uku, kuma babu wanda sai mun jira gwamnati.

Na farko, mu san su. Kowace unguwa ta kawo mana sunan mai zanen da ke koyar da yara, mu je mu gaishe shi, mu ji a wurin wa ya koya, mu rubuta da yardarsa. Dattawan cikinsu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da abin da ya sani yake tafiya.

Na biyu, mu biya su. Masu motoci da masu shaguna, a daina cewa "ai ɗan rubutu ne kawai". Wanda ya kai ɗansa koyo ya riƙa sa wani abu a hannun malamin, ko da kuɗin gwangwanin fenti ne. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su ware wani abu kowane zango don takarda da launi.

Na uku, mu haɗa su wuri guda. A hutun ƙarshen shekara a ari aji ɗaya, mai zayyana da ɗan gareji da malamin makaranta su koyar tare na mako biyu, maza da mata kowa da lokacinsa. Ranar rufewa a baje aikin yara da na malaman, a gayyaci iyaye da masu motoci, wanda ya ga abin da ya yi masa ya saya.

Garin da ya sha wuyar da muka sha a shekarun baya ya san illar barin yaro hannu rabbana. Yaron da ke zane a bayan littafinsa, kafin mu zane shi da bulala, mu fara kai shi wurin wanda zai duba hannunsa. Wanda ya san wani malamin zane a unguwarsu, ya sanar da shugabannin ƙungiya.

Allah ya yi wa sana'o'inmu albarka, ya ƙara wa Potiskum zaman lafiya. Amin.