Rufe Shago Ba Diyya Ba Ne

Tun da kotu a Los Angeles ta umarci kamfanin Starbucks ya biya diyyar dala miliyan 50 a watan Maris na 2025, labarin ya zama abin raha a majalisu da wayoyin hannu. Wai shayi ya zube wa mutum, ya wayi gari attajiri. Wannan jarida ba ta ga abin dariya ba. Michael Garcia direban kai saƙo ne. An miƙo masa shayi ta taga ba a zaunar da kofin daidai a mazauninsa ba, ya kife masa a cinya, ya ƙone har sai da aka yi masa dashen fata. Kamfanin ya ce kuɗin ya yi yawa, wannan kuwa tsakaninsa da kotu ne. Abin da ya shafi Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, shi ne dariyar, domin ita ke rufe bakin wanda abincin sayarwa ya kwantar a garin nan.

Dariyar ma tsohuwa ce. Haka aka yi wa Stella Liebeck, tsohuwa mai shekara 79 da gahawar McDonald's ta ƙona a Albuquerque a 1992. Kwana takwas ta yi a asibiti. Dala 20,000 ta nema don ta biya kuɗin magani, kamfanin ya ce ga dala 800. A gaban kotu ne aka gano gahawar tana haura digiri 80 a zafi, kuma kamfanin ya karɓi koke fiye da 700 na ƙuna kafin nata. Dala miliyan 2.7 na horo da aka yi ta yayatawa a 1994, alƙali ya rage shi zuwa 480,000. Masu barkwanci a talabijin ba su taɓa kai wa wannan ɓangaren ba, kamfanoni kuma ba su ga dalilin tuna musu ba.

Babu McDonald's a Aljeriya, amma akwai shawarma, akwai fiza, akwai burodi da ƙwai da soyayyen dankali, akwai sarrafaffen naman da ake kira kashir. Duk mai bin kasuwar Assihar ko unguwar Gataa El Oued da rana ya san yanayin: robar mayonis a buɗe tun hantsi, mai ya yi baƙi ana ta maimaita suya da shi, firji yana kuka amma hannu ba ya jin sanyi a ciki. Kajin da kashir ɗin kuwa sun yi tafiyar kusan kilomita 2,000 daga arewa, sun ratsa Ghardaïa da In Salah, inda zafi ba ya raga wa injin sanyin mota. Wanda ya manta illar irin wannan ya tuna Sétif a 1998, lokacin da gurɓataccen kashir ya hallaka mutum fiye da 40.

Abin takaicin shi ne doka ba ta gaza ba. Tun 2005 aka ƙara wa dokar mu'amala sashe na 140 maimai, wanda ya ɗora wa mai sarrafa kaya alhakin cutar da kayansa suka jawo, ko da babu ciniki kai tsaye tsakaninsa da wanda aka cuta. Doka mai lamba 09-03 ta 25 ga Fabrairu 2009 ta wajabta wa mai sayar da abinci tabbatar da lafiyarsa, sashenta na 23 kuma ya ba ƙungiyoyin kare masu saye damar shiga shari'a a madadin mutanen da abu ɗaya ya cutar. Dokar inshora ta 1995 ta tilasta wa masu sarrafa kayan ci su yi inshorar irin wannan ɓarna. Duk suna nan a rubuce.

Sai dai kowa ya san yadda ake yi. Mutane su kwana ana musu ƙarin ruwa, jami'an kasuwanci su zo da 'yan sanda, a kwashe naman da ya lalace, a ɗauki hoto a sa a Facebook, a garƙame shagon. Tarar da za a ci mai shago aljihun gwamnati za ta shiga. Leburan da ya yi mako bai ɗauki bulo ba, ya sayi magani da bashi, ba wanda ya tambayi sunansa. In ya ce zai kai ƙara, 'yan uwansa ne farkon masu kwaɓarsa: "Haba Malam, ƙaddara ce. Za ka kashe wa bawan Allah sana'a a kan ciwon ciki?" Ƙaddara gaskiya ce, amma shari'ar Musulunci da ta koyar da ƙaddara ita ce ta koyar da diyya da lamuni. A biya wanda aka cuta.

Masu cewa buɗe wannan ƙofa zai durƙusar da ƙananan masu sana'a kuma ya cika kotu da 'yan neman na banza suna da ɗan abin kamawa. Kaɗan ne dai. Tantance ƙarya da gaskiya aikin alƙali ne, kuma inshora don haka aka yi ta. Ba mai tukubar da ke gasa nama a gaban idon mai saye ne abin tsoro ba, ko da yake shi ake fara nuna wa yatsa saboda baƙo ne. Dillalin da ya kashe injin sanyi a hanya don ya rage kuɗin mai, shi ba a cika ganin hotonsa ba.

Akwai kuma waɗanda ko asibitin ma tsoronsa suke. Dubban 'yan Nijar da 'yan Najeriya ne ke cin abincin titi a garin nan, su ne kuma ke wanke tukwane da juya gashi a bayan shaguna. Wanda ba shi da takardar zama ya san ina kai kuka ofishin 'yan sanda zai iya ƙarewa: mota zuwa In Guezzam, a sauke shi a bakin iyaka, ya taka kilomita 15 a rairayi zuwa Assamaka ta Nijar. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka kora haka a 2024 kaɗai. Mai irin wannan fargaba, ko tafasasshen mai ya saɓule masa fatar hannu a wurin aiki, sai dai ya shafa man goge baki ya koma bakin kasko.

Ya kamata a ce wannan yanki ya fi kowa ƙin jinin yi wa mai neman diyya dariya. A In Ekker, arewa da garin nan, Faransa ta yi gwajin nukiliya a cikin wani dutse, ranar 1 ga Mayu 1962 kuma dutsen ya tsage, ƙura mai guba ta bazu. Sai a 2010 Faris ta yi dokar biyan waɗanda abin ya shafa, kuma shekara goma bayan haka ɗan Aljeriya ɗaya tak aka biya. Hukumomin Aljeriya suna da gaskiya duk lokacin da suka kira wannan zalunci. To su yi wa na gida abin da suke nema daga Faransa.

Buƙatar wannan jarida ba ta da wuyar fahimta. Duk shagon da aka rufe saboda gubar abinci, a rubuta sunayen waɗanda suka kwanta, a ba kowa kwafin sakamakon gwaji da takardar likita ba tare da ya yi zarya ba. Ƙungiyoyin kare masu saye irin su APOCE su ɗauki sashe na 23 su shiga kotun Tamanrasset da shi. A bi sawun kayan har zuwa dillali da masana'anta. Wanda ya zo da ƙuna ko amai da gudawa, a tambaye shi me ya ci da inda ya ci, a bar zancen fasfo. Zafin bana na tafe, za a sake manna takardun gargaɗi a bango kamar kowace shekara. Wannan karon ofishin kasuwanci na jihar ya haɗa da bayanin mutum nawa aka biya, da kuma nawa aka ba su.