Ciwon Hanta Nau'in C: Araha Ba Ta Ado

A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu ciwon hanta nau'in C magani da haɗin da ke aiki a kan dukkan jinsunan ƙwayar cutar, irin su sofosbuvir da velpatasvir na makonni 12. Manufar ita ce a sauke wa talaka nauyin gwajin tantance jinsi mai tsada. Shawarar ta dace. Abin da bai dace ba shi ne a ɗauke ta a matsayin izinin ba da duk maganin da ya fi arha ba tare da an san wace ƙwaya ake yaƙa ba.

Mafi yawan gwaje-gwajen farko na waɗannan magunguna an yi su ne a Turai da Amurka, inda rassan 1a da 1b suka fi yawa. Afirka kuwa ta fi ko'ina bambancin rassa. Akwai 4r a tsakiya da gabashin nahiyar, akwai 1l a yammacinta, kuma wasunsu tun asali suna da sauye-sauyen da ke rage ƙarfin ledipasvir. A Ruwanda, binciken SHARED ya nuna cewa haɗin sofosbuvir da ledipasvir ya warkar da kashi 56 cikin ɗari kacal na masu reshen 4r, alhali a sauran rassan ya kai kashi 93. Da aka koma ga velpatasvir a binciken da ya biyo baya, sakamakon ya inganta ƙwarai.

Masu kare tsohon haɗin za su ce kuɗi ne matsala. To amma wanda ya sha magani wata uku bai warke ba ya yi asarar kuɗinsa, hantarsa na ci gaba da lalacewa, kuma zai buƙaci haɗin da ke ɗauke da voxilaprevir, wanda ya fi tsada da wuyar samu.

Don haka kada likita ya rubuta ledipasvir ga wanda ba a tantance reshen cutarsa ba. Majinyaci ya nemi gwajin PCR makonni 12 bayan ya gama shan magani, domin shi ne hujjar warkewa. Ma'aikatun lafiya kuma, daga Abuja zuwa Yamai da Yawunde, su sa maganin zagaye na biyu a cikin kasafinsu.